Zaman wasa na iyaye da ƙananan 'ya'yansu: littafin aiki mako-mako

Asabar, 6 ga Satumba 2025

Yau muka buɗe. Tsarin shi ne duk Asabar da hantsi iyaye mata su zo da 'ya'yansu, daga ɗan wata shida zuwa ɗan shekara uku, a shimfiɗa tabarmi a zauna a ƙasa na awa ɗaya da rabi. Mu biyu ne a kan aikin, ni da wata ma'aikaciyar lafiya da ta yi ritaya, wadda kowa ke kira Yaya. Ɗakin aro ne, ajin wata makaranta da ba a shiga ranar Asabar. Matan da muka gayyata duk masu ƙaramin ƙarfi ne: masu wankau, masu aikatau a gidajen mutane, masu 'yar sana'ar hannu. Yawancinsu ɗaki ɗaya suke da shi, nan kwana, nan girki, nan renon yara.

Abin da ya ja ni ga wannan aiki wani gwaji ne da aka yi a unguwannin talakawa na Kingston a ƙasar Jamaika. Wajen 1986 Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 da suka tsumbure, 'yan wata 9 zuwa 24, suka raba su rukuni-rukuni. Wasu aka riƙa ba su madara, wasu kuma ma'aikaciyar lafiya ta riƙa zuwa gidansu sau ɗaya a mako na tsawon shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta da kayan wasan da aka haɗa da hannu. Da aka nemo yaran bayan shekara 20, waɗanda aka yi wa ziyarar wasa suna samun kuɗin shiga da ya fi na takwarorinsu da kusan kashi 25 cikin 100. Amfanin madarar ita kaɗai bai daɗe haka ba. Mujallar likitoci ta Lancet kuma a 2016 ta ƙiyasta cewa yara miliyan 250 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, wato kashi 43 cikin 100, suna cikin haɗarin rashin kaiwa inda ya kamata su kai saboda talauci da tsumburewa. Ba zan iya cire wa kowa talauci ba, amma wannan ɓangaren ana iya taɓa shi da hannu biyu da tabarma.

Matan sun zo, sai dai kowace ta jingina da bango ta tura ɗanta tsakiyar ɗaki, ta naɗe hannu. Wata ta ce, "Malama, yaushe za ki fara musu karatun?" Na ce mata ba ni zan yi ba, ita za ta yi. Ta dube ni, ta dubi 'yarta mai wata goma, ba ta ce komai ba.

Kuɗi: mun haɗa 'yar asusu ni da Yaya. Fiye da rabi ya tafi a tabarmi da bokiti biyu, saura sabulu, almakashi, gam da alƙalamin rubutu mai kauri.

Asabar, 13 ga Satumba

Ranar haɗa kayan wasa. Mun ce kowa ta zo da abin da za a zubar a gidanta: gorar roba, gwangwani marar kaifi, kwali, ƙyallayen tela, tsohuwar safa. Muka wanke komai da sabulu muka shanya. An yi kacau-kacau da gora da tsakuwa a ciki, ƙwallo da safa da aka cusa wa tsumma, 'yartsana ta ƙyalle, da gwangwani mai faɗin baki da za a riƙa jefa abubuwa a ciki ana juyewa.

Yaya ta huda rami a kwali, faɗinsa santimita 3 da ɗan ɗoriya, ta rataye a bango. Ma'aunin da ake gwada kayan wasan 'yan ƙasa da shekara uku ke nan a Amurka: duk abin da ya wuce ta ramin zai iya maƙalewa a maƙogwaron yaro. Ta sa kowace uwa ta gwada kayanta da kanta. Maɓallan da aka so a yi wa 'yartsana ido da su duk sun wuce, sai aka koma zana idon da zare. Ta kuma hana leda, doguwar igiya, da ƙaramin batir irin na agogo, wanda in yaro ya haɗiye yana iya ƙona masa maƙoshi cikin 'yan sa'o'i.

Yau ɗakin ya yi armashi, an yi raha sosai. Kowa ta tafi gida da abu biyu.

Asabar, 20 ga Satumba

Yau na ga inda aikin yake.

Wata yarinya mai wata goma sha huɗu tana zaune da gwangwani da manyan murafe uku a gabanta. Ta ɗauki murfi ɗaya, ta juya shi, ta kai baki, ta buga shi a ƙasa, ta saurari ƙarar, ta sake bugawa. Uwar ta ce, "Sa a ciki." Yarinyar ta ci gaba da bugawa. "Na ce sa a ciki!" Sai ta kama hannun yarinyar ta kai shi bakin gwangwanin da ƙarfi, da yarinyar ta fizge sai ta ɗan make mata bayan hannu. Yarinyar ta saki murfin ta juya baya. Uwar ta dube ni cikin jin kunya ta ce, "Kin gani ko, Malama, ba ta da kai."

Uwar ba mugunta take yi ba. Ta bar wankinta ta zo, tana so a ga 'yarta ta iya, kuma a saninta koyarwa ita ce a faɗa wa yaro ya yi. Yaya ta matso ta zauna kusa da yarinyar ba tare da ta ce mata komai ba. Ta ɗauki wani murfin ta buga a ƙasa irin yadda yarinyar ta yi. Yarinyar ta waiwayo. Yaya ta sake bugawa ta ce, "Ƙwas! Kin ji? Murfi ya yi ƙara." Yarinyar ta lalubo nata ta buga. Suka yi ta musaya, ita ta buga, Yaya ta buga. Can sai Yaya ta saki nata cikin gwangwanin, ya yi ƙarar da ta fi ta ƙasa, ta ce, "Ya shiga ciki!" Yarinyar ta leƙa, ta daɗe tana leƙe, sannan ta jefa nata. Yaya ta tafa mata, ta juya ga uwar ta ce, "Ƙanwata, zo ki karɓa, ke take so ta nuna wa."

Abin da muke son kowace uwa ta riƙe ke nan, kuma shi ne ginshiƙin tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar don ma'aikatan da ke ba iyaye shawara kan renon ƙananan yara: ki fara duba abin da yaron yake yi, ki bi shi a kai, ki faɗi sunan abin da ya ɗauke masa hankali, sannan ki ƙara masa taki ɗaya kawai. Masana a jami'ar Harvard sun ce a shekarun farko ƙwaƙwalwar yaro tana ƙulla sababbin mahaɗai fiye da miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa, kuma waɗanda ake yawan amfani da su ne suke ƙarfi, sauran su shuɗe. Abin da ke ƙarfafa su shi ne wannan musayar: yaro ya yi gwaranci ko nuni ko murmushi, babba ya amsa masa.

Wata dattijuwa da ke kawo jikanta ba ta gamsu da tafin ba. Ta ce, "'Yar nan, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuna ta yabon yaro, gobe ya fi ƙarfinku." Na ce, "Inna, ba mu ce a bar shi ya yi abin da ya ga dama ba. In ya nufi wuta za a ɗauke shi. Amma wanda aka maka wa hannu a kan murfi, gobe ba zai taɓa murfin ba, kuma da taɓawar yake koyo." Ta ce za ta gani. Na ji daɗin da ta faɗa a fili, don na san akwai masu ra'ayinta da suka yi shiru.

Asabar, 27 ga Satumba

Wasan ɓuya da ƙyalle ga ƙanana, jera gwangwanaye ga manya. An sami sababbin mata biyu. Sabulu ya ƙare, an sayo.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Mun zaga gidajen da suka yarda mu je, don mu ga yadda kayan wasan suke aiki. Na dawo jikina a sanyaye.

A gida na farko 'yartsana da ƙwallo suna can saman akwati, an naɗe su a ƙyalle. Uwar ta ce tana tsoron su lalace mu ce ba ta kula ba. A na biyu yayyen yaron sun kwashe komai sun fita da shi waje, ba a sake gani ba. A na uku gwangwanin ya koma mazubin gishiri, kuma ban ga laifinta ba, tana bukatarsa. Gida ɗaya tak muka tarar da kayan a ƙasa inda hannun yaro zai kai.

Na zauna da mai wankau ɗin nan, uwar yarinya mai murfi, na ce ta faɗa mini yadda yininta yake. Tun duhun asuba take tashi neman ruwa. Ta dawo ta shirya manyan yara, ta karɓo kayan wanki, ta yi ta cuɗa har rana ta take, ta shanya, ta ɗora tukunya, ta kwashe shanya, ta ninke, ta kai wa masu shi, wani ya biya wani ya ce sai gobe. In dare ya yi bayanta kamar zai tsage. Duk wannan lokacin yarinyar tana bayanta ko tana gefe a zaune. Ta ce, "Malama, ina so. Amma in na zauna wasa, wa zai yi wankin?"

Wannan tambayar ta fi duk abin da na karanta nauyi. Matar da ke da mai taya ta aiki tana iya ware rabin awa ta zauna da ɗanta. Wadda abincin daren gidanta ya rataya a kan wankin yau ba ta da wannan rabin awar, kuma duk shirin da ya ce sai ta samo shi, ƙara mata laifi kawai yake yi a kan gajiya. Amma yarinyar tana tare da ita awa goma sha a rana. Lokacin yana nan, a cikin aikin yake. Muka yi shawara da Yaya a hanya: daga wannan Asabar wasan zai koma cikin aikin da uwa take yi dama, kayan wasa su zama ƙari.

Asabar, 4 ga Oktoba

Ba mu fito da kayan wasa ko ɗaya ba. Muka kawo bokiti da ruwa kaɗan, kofuna, tsummoki, kwando da 'yan kaya. Muka ce kowace ta nuna mana aikin da ta fi yi a yini, sannan mu nemi inda yaro zai shiga.

Mai wanki ta ba 'yarta tsumma da ɗan kofi, tana cuɗa nata tana cewa, "Jiƙa. Matse. Ruwa ya zuba. Na Umma babba, naki ƙarami." Mai ninke kaya ta riƙa miƙa wa ɗanta yana sa wa a kwando, tana faɗin mai kowace riga. Wajen wanka a taɓa hanci a ce hanci, a taɓa ƙafa a ce ƙafa, a dakata a ga ko zai nuna da kansa. Wadda ɗanta ke goye ta riƙa faɗa masa abin da suke wucewa a hanya, in ya yi gwaranci ta amsa kamar ya yi magana. Da farko kunya ta hana su, wata ta ce za a ce ta zautu tana surutu ita kaɗai. Da aka fara sai dariya ta ɓarke, kunyar ta tafi.

Yaya ta tsaya a kan maganar ruwa da gaske: ƙaramin yaro yana iya nutsewa a ruwan da bai wuce tsawon yatsa ba, cikin bokiti ko baho, kuma ba ya ihu. In za ki juya baya, ki zubar ko ki ɗauke shi.

Kuɗi: ba a kashe komai ba yau.

Asabar, 11 ga Oktoba

Mutane sun ragu sosai, bai kai rabin waɗanda suka saba zuwa ba. Na bi sawu da yamma. Ba fushi aka yi ba: hantsin Asabar lokacin samu ne ga masu wankau da masu aikatau, duk wadda ta zo wurinmu ta yi asarar aikin rabin yini. Sun yi haƙuri na wata guda don kunyarmu, abin ya gagara.

Na so mu koma bi gida-gida irin na Jamaika, amma mu biyu ba za mu iya ba, ga kuɗin mota. Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa a kan zaman rukuni shi ne gwajin da aka yi a ƙauyukan jihar Odisha ta Indiya, inda aka kwatanta ziyarar gida da taron iyaye mata na mako-mako, aka tarar duka biyun sun taimaki fahimta da harshen yara kusan daidai, ga shi taron ya fi araha nesa ba kusa ba. Matsalar taro a can ma ita ce zuwa. Don haka za mu riƙe taron mu gyara lokacin. Matan da kansu suka zaɓi yammacin Asabar, bayan an kwashe shanya, kuma an rage shi zuwa awa ɗaya.

Asabar, 18 ga Oktoba

Allah ya kiyaye mu a wannan makon. Ranar Laraba wani yaro ɗan shekara biyar ya sa haƙori ya kwance murfin kacau-kacau ɗin ƙaninsa, duk da gam ɗin da aka sa, tsakuwoyin suka watse a tabarma. Ƙanin, ɗan wata tara, yana rarrafe ya ɗauki ɗaya ya kai baki. Uwar tana bakin murhu ta ji yana tari wani iri, ta juyo ta ga idonsa ya firfito. Ta kifa shi a cinyarta ta bubbuga bayansa, tsakuwar ta faɗo. Ta zo yau da gorar a hannu, muryarta tana rawa tana ba da labari.

Mun karɓe duk kacau-kacau da ke hannun mutane, waɗanda ba su zo ba Yaya ta bi su gida. Ramin kwalin yana gwada abin da ke waje ne, abin da ke cikin gora kuwa amincinsa ya dogara ga murfi, kuma a gidan da yara suke da yawa babu murfin da za a amince wa. Sabuwar doka: ba a sa wani abu a cikin gora sai wanda shi kansa ba zai wuce ta ramin ba. Ƙarar ba ta kai ta tsakuwa daɗi ba, amma haka za a yi.

Sauran lokacin Yaya ta koyar da abin da ake yi in jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya ya shaƙe har ya kasa kuka ko tari: a kifa shi a kan hannu ko cinya, kansa ya yi ƙasa da ƙirjinsa, a buga tsakanin kafaɗunsa da tushen tafin hannu har sau biyar. In bai fito ba a juya shi rigingine a danna tsakiyar ƙirji sau biyar, a yi ta maimaitawa ana neman taimako. Kada a zura yatsa ana lalube a makance, yana iya tura abin ciki. In yana tari da ƙarfi a bar shi ya yi tarin. Kowace ta gwada a kan 'yartsana. Babu wadda ta yi dariya yau.

Na yi zaton uwar yaron ba za ta sake zuwa ba. Da za ta tafi ta ce sai Asabar.

Asabar, 25 ga Oktoba

Ba a yi zama ba. Ƙyanda ta fito wa wani yaro a gidan da ɗaya daga cikin matanmu take haya, kuma cutar tana yaɗuwa tun kwana huɗu kafin ƙurajen su bayyana. Muna da jarirai da ba su kai lokacin rigakafi ba. Yaya ta duba katin kowane yaro, ta tura waɗanda suka tsallake allura asibiti. An wanke tabarmi an shanya.

Talata, 28 ga Oktoba

Akwai wata yarinyar mata da ke zuwa tun makon farko, haihuwarta ta fari, ɗanta wata bakwai. Ba ta taɓa fashi ba, ba ta kuma taɓa magana ba. Tana riƙe da yaron a cinya yana kallon waje, ita tana kallon ƙasa. Abin da ya dame ni shi ne yaron ma ya daina neman fuskarta. Sauran jarirai in sun ji sabon abu sukan waiwaya su dubi uwa, shi ba ya waiwaya.

A 1975 wani masani ɗan Amurka, Edward Tronick, ya nuna abin da ke faruwa in uwa ta daskarar da fuskarta a gaban jaririnta na 'yan mintoci: yaron zai yi murmushi, ya yi ƙara, ya miƙa hannu, ya yi duk dabarar da ya sani don ta amsa, in ta ƙi sai ya kau da kai ya shiga damuwa. Wancan na mintoci ne. Wannan yaron watanni yake ciki.

Yau muka je gidanta, Yaya ta ce in ɗauki yaron in fita da shi tsakar gida. Sun daɗe a ciki. Mijin ya tafi neman kuɗi tun tana da ciki, aike ya yanke, ba ta da kowa a kusa, ba ta barci, abinci ba ya mata daɗi, tana ganin ita ba uwar kirki ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar tana fama da irin wannan bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa. Ciwo ne, yana da magani, kuma ba a ce wa mai shi "ki riƙa yi wa ɗanki murmushi" a tafi. Yaya za ta raka ta asibiti ranar Alhamis. Mun kuma roƙi dattijuwar nan mai jika, wadda gidansu ba nisa, ta riƙa leƙa ta. Ta ce, "Ai da kun faɗa mini tun tuni."

Kuɗi: kuɗin motar asibiti daga asusu.

Asabar, 1 ga Nuwamba

An dawo. Littattafai muka yi: kwali huɗu a ɗinke da zare, kowane shafi hoto ɗaya babba, kofi, kaza, takalmi, fuskar jariri. Wasu an yanko daga tsofaffin kwalaye, wasu na zana. Babu rubutu ko ɗaya, da gangan, don da yawa cikin matan ba su yi makaranta ba, kuma da sun ga harafi sai su ce wannan ba nasu ba ne. A Khayelitsha ta Afirka ta Kudu an koya wa iyaye masu ƙaramin ƙarfi kallon littafin hoto tare da 'ya'yansu 'yan wata 14 zuwa 16 na tsawon mako takwas, aka ga kalmomin yaran da natsuwarsu sun ƙaru. Dabarar ita ce dai wadda muka sani: yaro ya riƙe, ya buɗe inda ya so, ya nuna, uwa ta faɗi suna ta haɗa da abin da ya sani. "Takalmi. Ina naka takalmin?"

Maganar waya ta taso, don wata ta ce in tana aiki takan kunna wa ɗanta bidiyo ya yi shiru, kuma tana ganin yana koyo. Na faɗa mata shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019: ɗan ƙasa da shekara biyu kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a rana. Waya tana magana amma ba ta jiran amsar yaro. Ban ce ta daina gaba ɗaya ba, na san abin da ke sa ta yi. Mun tsaya a kan ta cire ta lokacin cin abinci da kafin barci.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Uba na farko ya zo, matarsa ba ta da lafiya. Ya tsaya a bakin ƙofa zai miƙo yaron ya juya, Yaya ta ce, "Malam, shigo mana, ɗanka ne." Ya zauna a ɗarare, amma da aka zo gina hasumiya da gwangwanaye shi da ɗansa suka fi kowa tsayi. Za mu gwada zama ɗaya na maza zalla a wata mai zuwa.

Gam da zare sun ƙare.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Akwai yaro ɗan shekara ɗaya da wata takwas da ba ya cewa komai, ko gwaranci kaɗan ne. Iyayen sun ce jinkirin baki ne na gado. Yara sun bambanta ƙwarai, wannan gaskiya ne: a binciken Hukumar Lafiya ta Duniya lafiyayyun yara sun fara tafiya su kaɗai tun daga wata 8 har kusan wata 18. Amma yau an yar da bokitin ƙarfe a bayansa, duk ɗakin ya zabura, shi bai motsa ba. Yaya ta kira sunansa ta baya, ta tafa, shiru. Da ta zagayo gabansa ya gan ta sai ya washe baki.

Wasa ba zai buɗe kunne ba, kuma duk watan da ya wuce ba a gano ba asara ce ga harshensa. Mun ce wa uwar a kai shi a gwada jinsa, wataƙila ruwa ne ya taru a kunnen, wataƙila abin ya fi haka. Ta yi kuka. Kafin a samu ganin likita mun nuna mata ta riƙa tsugunawa ya ga bakinta in tana magana, tana haɗawa da nuni. Asibitin da ke da na'urar yana da nisa, asusunmu ba zai ɗauka ba, muna neman wanda zai taimaka.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Lissafi da shiri.

Abin da na gani da idona: mai wankau yanzu bakinta ba ya shiru in tana aiki, 'yarta tana cewa "uwa" in tana nufin ruwa, tana kawo kofi da kanta. Make hannu ya ragu a ɗakin, ban san yadda yake a gida ba sai abin da suka faɗa. Yarinyar matan nan tana karɓar magani, ranar Asabar da ta wuce na ga ta juyo da ɗanta yana fuskantarta. Dattijuwa ba ta yin tafi har yanzu, amma na ji tana ce wa jikanta "madalla".

Ba na so in ruɗi kaina da wannan. A Kolombiya an yi irin shirin Jamaika a garuruwa 96 na tsawon wata 18, an ga ci gaba a ƙarshensa, amma da aka koma bayan shekara biyu bambancin ya dushe. Na Jamaika shekara biyu aka yi ana zuwa kowane mako, da ma'aikata da aka horar ana kuma duba aikinsu. Mu wata uku ma ba mu cika ba. In muka tsaya nan, abin da aka samu zai iya bin iska, don haka tambayar yanzu ita ce yadda zai ɗore ko da ni ko Yaya wata ta kasa.

Kuɗi: asusun ya kusa ƙarewa. Bayan tabarmi da bokiti, abin da ya fi cin kuɗi kuɗin mota ne na ziyara da rakiyar asibiti, sai sabulu. Kayan wasan kusan kyauta suka zo.

Shirin zango na gaba: mun zaɓi mata biyu daga cikinsu, mai wankau da uwar yaron da ya shaƙe, za su fara jagorantar rabin zama muna gefe, kuma dole a samo musu ɗan abin da zai maye aikin da za su bari, in ba haka ba mun koma matsalar Oktoba. Zan zana katuna marasa rubutu, kowanne wasa ɗaya cikin aikin gida, a jere bisa watannin yaro. Kayan wasa za su koma aro, a karɓa a musanya duk mako, don kada a ɓoye su a saman akwati. Zaman maza ranar 13 ga Disamba.

Makarantar ta aiko cewa za a rufe ajin don gyara daga tsakiyar Disamba. Wata daga cikin matan ta ce tsakar gidansu zai ɗauke mu in mai gidan hayar ya yarda. Ranar Litinin za mu je mu same shi ni da Yaya.